Ra'ayinmu: Abin da Labarin Coherent Ya Ƙunsa

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a wannan fitowa muna so mu waiwayi wani tsarin tafiyar da kwamfuta mai suna Coherent, wanda da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba. Labarinsa kuwa ya shafi duk wanda wata rana za a ɗora wa sayen na'ura domin ofis da ɗan abin da ke cikin asusu.

Kamfanin Mark Williams na jihar Illinois a Amurka ne ya ƙera shi a 1980, bisa kwaikwayon Unix. Kamar da suka yi ta sa kamfanin AT&T ya tura Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙago Unix, ya je ya duba ko an yi sata, bai kuwa sami shaidar haka ba. A 1990 aka sayar da shi dala 99.95, alhali Unix na kasuwa kan ci ɗaruruwan daloli. Ɗalibi mai ƙaramar na'ura ya sami abin koyo a ɗakinsa, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne.

Amma fa aikin ofis abu biyu yake nema: a adana bayanai yadda za a same su, sa'an nan a aika da su nesa. Ta wajen adanawa, Coherent na na'urorin 286 ya ƙayyade wa kowace manhaja kilobayit 64 na umarni da wasu 64 na bayanai. Rajistar ɗaliban sashe guda ma tana iya cika wannan wuri. Dole mai tsara rumbun bayanai ya bar kome a kan faifai, ya riƙa ɗauko abin da ake nema ta lambarsa, irin dabarar dbm da Ken Thompson ya rubuta wa Unix a 1979. Fitowa ta 4.0, a 1992, ta kawar da wannan ƙunci ga na'urorin 386.

Ta wajen sadarwa ne maganar ta fi nauyi. Coherent yana da UUCP, watau hanyar da na'ura kan tara wasiƙu, ta buga wa 'yar'uwarta waya a lokacin da aka tsara, sau da yawa cikin dare sa'ad da kuɗin waya ya sauka, ta miƙa nata ta karɓi na wancan. Kada wani ya raina wannan hanya. Da irinta ne cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, ta kai wasiƙun kwamfuta biranen Dakar da Bamako da Yamai a farkon shekarun 1990, inda layin waya ke da tsada kuma yakan yanke. Sai dai duniya ta riga ta karkata ga TCP/IP, harshen intanet, Coherent kuwa bai zo da shi a jikinsa ba. Linux ya bayyana a 1991, kyauta, ba da daɗewa ba ya sami TCP/IP. A 1995 kamfanin Mark Williams ya rufe. Sai a 2015 aka saki rubutun tsarin ga kowa, bayan masu buƙatarsa sun daɗe da watsewa.

A ganinmu arha ba laifi ba ce, kuma ƙanƙanta ba ta hana aiki: SQLite, rumbun bayanan da aka fitar a 2000, yana cikin kowace wayar Android. Laifin yana ga mai saye wanda ya dubi farashi kaɗai. Don haka muna kira ga 'yan'uwanmu da ke zama a kwamitocin sayen kaya, a sassan jami'a da ma'aikatu, su sa mai sayarwa ya nuna musu a gabansu yadda za a kwashe bayanan zuwa wata na'ura dabam in kamfaninsa ya rufe, da kuma abin da tsarin zai yi da wasiƙa in layi ya yanke tana tsakiyar tafiya. A rubuta amsar cikin takardar ciniki kafin a sa hannu.