Girar da ba ta gogewa: kafin ki miƙa fuskarki ga allura



Kwanan baya muna cikin shiri wata baiwar Allah ta bugo mana waya, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun a gane ta. Ta ce watanni ke nan tana zuwa Yamai karɓar shimiyo saboda ciwon dajin mama. Gashin kai ya zube, ta ce wannan da sauƙi, ɗankwali ya rufa mata asiri. To amma gira ma ta tafi, ita kuwa ba abin da zai rufe ta. Duk inda ta shiga, biki ko suna, sai a kalle ta a kau da kai. Ƙawarta ta ce ta je salon a yi mata girar nan da ba ta gogewa. Tambayarta guda ce: in je ko kar in je?

Mun ce mata ta fara jin ta bakin likitanta. Amma maganar ta tsaya mana a rai, don yanzu ko'ina ka leƙa a Facebook da TikTok tallar wannan aikin ce, amare da ƴan mata kuma suna ta zuwa.

Masu salon na kiran sa makiyaj na dindindin, mu kuwa mu kira shi da sunansa: tatuwaj ne. Kwalli da jagira da lalle a saman fata suke zama, ruwa ko kwanaki su tafi da su. Shi wannan, ƙananan allurai ne ke tsaga fata su cusa launi a ciki, a gira, a bakin ido ko a leɓe. Fata na buɗewa, jini na iya fitowa. Ra'ayinmu shi ne duk mai taɓa jinin mutane, ko a salon take, a riƙe ta da ƙa'idar tsabta irin ta ma'aikacin lafiya.

Ai mun taɓa koyon wannan darasi wajen wanzamai. Shekaru aka yi ana wayar da kai kan aska ɗaya a kan mutum goma, har ta kai mutane na sayen sabuwar reza kafin a yi musu aski. To me ya sa za mu manta da shi don an sa madubi da fitila mai kyau? Ƙwayar hepatit B, ciwon hantar da ya yi yawa a Afirka ta Yamma, tana iya yin kwana 7 a raye a jikin ƙarfe, kuma ta fi ta sida saurin kama mutum. Shafa wa allura alkol ba ya wadatarwa. Allurar da ta shiga fatar wata, shara ce kawai wurinta.

Sai launin da ake cusawa. Tun watan Janairun 2022 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da sinadarai fiye da 4,000 cikin tawadar tatuwaj da ta makiyaj na dindindin, don wasu na tada ƙaiƙayi da kumburi, wasu ana zargin su da abin da ya fi haka. Kwalbar da ba ta da sunan kamfani, ba ta da ranar lalacewa, wa ya san abin da ke cikinta? Kuma fuskarki za a zuba shi.

Fatarmu ma tana da nata hali. Baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu. In kin taɓa huda kunne wurin ya yi ƙulu, to jikinki ya riga ya ba ki amsa. Mai shafa man bilicin, fatarta ta yi laushi, rauni ba ya saurin warkewa. Mai ciwon suga, mai juna biyu, mai shan maganin tsinka jini, duk su dakata sai likita ya yarda.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne wahalar da ke biyo baya. Mako ɗaya zuwa biyu wurin na yin ɓawo, ba a sosawa, ba a ɓamɓarewa, ana kuma so a kiyaye shi daga ruwa, zufa, rana da ƙura. Ki tuna zafin Afrilu da Mayu, ki tuna ƙurar hunturu, ki tuna murhu, ki tuna alwala sau biyar. Bayan mako 4 zuwa 8 sai an koma an sake bi, wani kuɗin ke nan. Cikin shekara 1 zuwa 3 launin ya dusashe, wani ya koma ja-ja, wani toka-toka. Sunan dindindin ɗin ma yaudara ne: kyawun na tafiya, shatin ya zauna. Cire shi galibi sai da lazer, zuwa da yawa, kuɗi da yawa, wani launin ma ƙara baƙi yake in lazer ta taɓa shi, kuma baƙar fata na iya yin dabbare. Ga shi yayi ba ya zama wuri ɗaya. Jiya siririyar gira ake yayi, yau mai kauri, gobe fa?

Mu koma ga baiwar Allah da ta kira mu. Lokacin shimiyo garkuwar jiki na faɗuwa, ƙaramin rauni na iya zama babban ciwo, jini ma ba ya saurin tsayawa. Lokacin bai dace da allurar salon ba sam. Kuma ga yawancin masu jinya, gashi na dawowa cikin watanni bayan an gama magani, har da gira. Kafin nan jagira mai kyau ta isa. Amma akwai waɗanda gashinsu ba ya dawowa, kamar wadda ƙuna ta ci mata gira, ko mai ciwon da ke zubar da gashi gaba ɗaya. Ga irin waɗannan, in likita ya yarda kuma hannun ƙwararriya aka samu, aikin na iya mayar wa mace da ƙarfin shiga mutane. Ba mu ga dalilin yi mata gori ba. Ta dai tuna ta sanar da ma'aikata duk ranar da za a yi mata hoton IRM, don wani launin na da sinadarin ƙarfe.

Mun san da yawa za su ce ina batun addini. Malamai sun daɗe da hana tatuwaj na ado, wasunsu kuma na bambanta shi da gyaran abin da ciwo ko haɗari ya ɓata. Wannan fagen nasu ne, ki tambayi malamin da kika yarda da iliminsa kafin ki je.

Ƴar'uwa, in duk da haka kin yanke shawara, kar kunya ta rufe miki baki. A buɗe sabuwar allura gaban idonki. A sa sabuwar safar hannu. A zuba launi a ɗan ƙoƙon da za a yar bayan an gama. Ki karanta kwalbar. Ki ce a nuna miki hoton aikin da ya warke a baƙar fata, ba wanda aka ɗauka ranar da aka yi ba. Wadda ta ji haushin tambayoyinki, ɗauki jakarki ki fita. In kuma bayan aiki kika ga kumburi na ƙaruwa, ko mugunya, ko zazzaɓi, wajen likita za ki nufa, kar ki koma salon.

Hukumomin lafiya da duba-garin magajin gari, muna roƙo ku leƙa waɗannan wurare, ku san su wa ke aikin, ina suka koya, ina suke zubar da allura.

Mu kuma sauran jama'a, mu tuna abin da ya fara kai wannan baiwar Allah ga tunanin allura: kallon da muke yi mata a taro. In kin ga ƴar'uwa ta rame, gira ta zube, matsa kusa ki gaishe ta, ki tambaye ta ya jiki.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Amin.