Filin Uwargida: Kitson tufka, adon da ba ya cin goshi

  Yau za mu tattauna kan kitso, musamman irin wanda mace za ta iya yi wa kanta a cikin ɗakinta, ba tare da ta kashe ko dala ba.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne abin da muke gani a kowace jajibirin salla. Yarinya za ta wuni a gaban makitsiya, ta dawo gida fatar goshinta a ɗame kamar ta kalangu, ba ta iya ɗaga gira, da dare kuma ta kasa ɗora kai bisa matashi. In ta yi kuka sai mu ce ta daure, ado sai da wahala. Kwana biyu tsakani, ƙananan ƙuraje su feso a bakin tsaga. A kwana a tashi, gashin gaban goshi da na saitin kunne ya riƙa ja da baya, har ta girma ta zama macen da ke jin nauyin cire kallabi ko a gaban mijinta. Mukan ɗora laifin kan haihuwa, ko gado, wani lokaci ma sammu. Gaskiya ne haihuwa takan zubar da gashi, amma na ɗan lokaci ne, yakan dawo. Shi kuwa wanda jan kitso ya ci, in aka daɗe ana maimaitawa, saiwarsa ce ke mutuwa, kuma babu man da zai tsiro da shi.

Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 2007, wasu daga cikinsu a Afirka ta Kudu sun wallafa sakamakon duba kawunan ɗaruruwan mutane. Sun samu cewa kusan mace 1 cikin 3 tana da wannan zubar gashi ta ja, haka nan kimanin 17 cikin 100 na ƴan mata ƴan makaranta. Abin ya fi tsanani ga waɗanda ake yi wa kitso mai tsauri a kan gashin da aka miƙar da man kanti. Shi ma wannan man abin lura ne. A 2022 wani bincike a Amurka, wanda ya bi mata fiye da 33,000 na tsawon shekaru, ya nuna cewa masu shafa shi fiye da sau 4 a shekara sun ninka sauran mata yawan kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Binciken bai yanke cewa man ne sanadi ba, amma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba muna cewa a ƙaurace wa makitsa ba ne. Sana'a ce ta gado mai daraja, kuma akwai masu sanyin hannu a cikinsu. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hannun mace ba zai ja gashinta har ya wuce inda take jin zafi ba. Wannan ya sa muke kwaɗaitar da ƴan'uwa su koyi kitson tufka, wato na sili biyu, wanda ake yi tamkar yadda ake tufka igiyar rama. Amfaninsa shi ne yana tattara bakin gashi, wanda shi ne ya fi tsufa kuma ya fi saurin karyewa, ya kuma hutar da kai daga taza ta kullum. Gashi yakan ƙaru da kimanin santimita 1 a wata. In mace ta ga nata ya tsaya cik shekara da shekaru, galibi yana fitowa daga ƙasa ne yana karyewa daga sama.

Ga yadda ake yi. Da farko ki wanke kai da sabulu marar kaifi. In kina da karkashi, ki jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya saki yauƙi, ki tace, ki shafe gashin da shi, domin santsinsa na sa gashi ya warware ba tare da tsinkewa ba. Ki fara warwarewa da yatsu, daga baki zuwa tushe, kafin ki sa mataji mai faɗin haƙora. Kada ki taɓa taje gashi yana bushe ƙayau. Bayan kin ɗauraye, ki tsane shi da tsumma mai laushi, ki bar shi da ɗan danshi.

Daga nan ki raba kai gida huɗu, ki ɗaure uku, ki fara da na ƙeya. Ki tsaga ɗan yanki mai kaurin yatsa, ki murza man kaɗe kaɗan a tafin hannu har ya narke, ki shafa. A tuna cewa ruwa shi ne ke tausasa gashi, aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya gudu, don haka ruwa ne farko, mai daga baya. Ki raba yankin biyu daidai wa daida, ki ɗan murza kowane sili, ki riƙa gitta ɗaya bisa ɗaya har ƙarshe. Kada ki ari gashi daga wannan sili ki ƙara wa wancan, domin ranar tsifa nan ne zai cukuikuye. In kin kai baki, ki naɗe shi a yatsa, zai lanƙwashe ya riƙe kansa, ba sai an sa zare ko roba ba. Gashin gaban goshi kuwa siriri ne, ki yi masa sako-sako. Karon farko zai iya cin awa 3, kuma tsagar ba za ta miƙe ba. Kada wannan ya karya miki gwiwa, sannu ba ta hana zuwa.

Da dare ki ɗaura kallabi mai santsi, domin na auduga yana tsotse danshi. Kada kuma ki rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi ki wuni, hakan na kawo wari da ƙaiƙayi. A lokacin hunturu, ki riƙa yayyafa ruwa bayan kwana 2 ko 3, ki bi da ɗan mai. Tufka kada ta wuce mako 3. Ranar tsifa za ki ga gashi mai yawa a hannunki, kada ki firgita. Kowane mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, a mako 3 kuwa abin ya haura 1,000, su ne suka maƙale a cikin kitson. Ki bar kai ya huta ƴan kwanaki, sannan ki sauya wurin tsaga.

Akwai kuma sauƙi ta fuskar tsarki. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Salama, Allah ya yarda da ita, ta tambayi Manzon Allah (SAW) ko sai ta tsefe kitsonta in za ta yi wankan janaba, ya nuna mata ba sai ta tsefe ba, ta kamfata ruwa sau uku ta zuba a kai. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa in kitso ya yi tsaurin da zai hana ruwa ratsawa, to sai an kwance shi. Tufka sako-sako ce, ruwa na shiga har fata. Ba ta kuma bukatar gashin doki, ga shi kuwa Buhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani kan ƙarin gashi.

Kiranmu na ƙarshe ga iyaye ne. In ɗiyarki ta ce kitso na yi mata zafi, ki yarda da ita, ki sassauta shi a ranar, ko da an biya kuɗi. Wadda kuma ta ga goshinta ya fara ja da baya, ta dakatar da kitso mai tsauri, ta ga likitan fata tun saiwa tana da rai. Ki zaunar da ɗiyarki kusa da ke ranar da kike tufka, ki ba ta sili biyu ta gwada.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya shirya mana zuri'a.