In Gemun Ɗan'uwanka Ya Kama Wuta: Magana a Kan Batirin Sigarin Lantarki

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan kwananmu ya san abin da ke faruwa sa'ad da aka kawo wuta da tsakar dare. Kowa sai ya zabura ya nufi soket, mai waya da wayarsa, mai fitila da fitilarsa, mai fanka da fankarsa, a jona su duka wuri guda, sa'an nan a koma barci. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shiga wannan layi, watau sigarin lantarki, wanda wasu daga cikinmu ke zuƙa a ɓoye, su kuma yi masa caji a ɓoye, sau da yawa a ƙarƙashin matashin kai ko cikin akwatin tufafi don kada a gani. Wannan ɓoyo shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Tun da fari bari mu faɗi matsayinmu. Ba mu goyon bayan shan wannan abu. Nikotin da ke cikinsa yana kama mutum kamar yadda taba ke yi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta daɗe tana gargaɗi cewa yana da illa, musamman ga matasa. Wanda bai fara ba kada ya fara, wanda ya fara kuma ya nemi hanyar bari. Mun san wani zai ce, to, in haka ne, me ya sa mujallar ɗalibai za ta koya wa mai sha yadda zai zaɓi batir, ai wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Amsarmu ita ce, illar hayaƙin tana fara wa mai shan ne, amma in batir ya fashe, wuta ba ta tambayar wane ne mai laifi a cikin mutum shida da ke kwance a ɗakin. Ban da haka, irin wannan batir ɗin ne a cikin yawancin fitilun caji da fankokin hannu da ma'ajiyar caji da muke yawo da su, saboda haka maganar ta shafi har wanda bai taɓa kai komai bakinsa ba.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ne ya ƙera sigarin lantarki irin na yanzu a 2003. Abin da ke ba shi ƙarfi shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma saboda shi aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino lambar Nobel a 2019. Wanda aka fi sawa a manyan na'urorin shi ne mai lamba 18650, watau kaurinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. In ya cika yana kai bolt 4.2. A cikinsa akwai ruwa mai saurin kama wuta, da wata siririyar fata da ta raba ɓangarorinsa biyu. In aka matsa masa fiye da ƙarfinsa, ko wayoyinsa suka haɗu, sai ya yi zafi, zafin ya narkar da fatar, narkewar ta haifi wani zafin, har ya kai inda babu mai iya tsai da shi. Da yake kuwa yana cikin ƙarfe ne mai kamar bututu, sai ya fita da ƙarfi kamar harsashi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017 wanda ya lissafa fashewa da gobara 195 daga 2009 zuwa 2016, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga cikinsu rauni mai tsanani. A 61 daga cikin waɗannan haɗurra, na'urar ko batirin yana cikin aljihu ne. A watan Mayu na 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida, a Janairu na 2019 wani ya bi shi a Tekzas, dukansu na'urar ce ta fashe musu. Irin wannan haɗari ne ya sa ba a yarda fasinjan jirgin sama ya sa sigarin lantarki cikin kayan da za a loda a cikin jirgi ba, sai dai ya riƙe a jakar hannu. To, in haka ta faru a inda ake sa ido a kan kaya, ina ga kasuwanninmu, inda ake zube batura a kan tebur cikin rana?

Kuskuren farko da muke yi wajen saye shi ne bin babbar lamba. A jikin batir ana rubuta yawan cajin da yake ɗauka da alamar mAh. Batirin 18650 na gaskiya yawanci bai wuce wajen 3,500 ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6,000 ko 9,900, ƙarya ce tsirara, kuma wanda ya yi maka ƙarya a kan wannan ba zai faɗa maka gaskiya a kan sauran ba. Na gaskiya nauyinsa wajen giram 45 ne, jabu kuwa sau da yawa sai ka ji shi sakayau a hannu. Akwai kuma waɗanda ake ciro su daga tsofaffin baturan kwamfuta a sake musu riga a sayar a matsayin sababbi. Araha ba ta ado.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce wadda ba mu dubawa, watau yawan wutar da batir zai iya bayarwa ba tsayawa ba tare da ya yi zafi ba, ana auna ta da amfiya. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon yawan cajin da batir ke ɗauka, gwargwadon ƙarancin wutar da yake iya jurewa. Mai 3,500 yawanci bai wuce amfiya 10 ba, alhali Samsung 25R mai 2,500 yana jure 20. Lissafin kuwa ɗan sakandare ma zai iya. Na'ura mai batir ɗaya da aka ɗora a kan wat 60, in cajin ya sauka zuwa bolt 3.2, tana jan kusan amfiya 19. Wanda ya sa mata batir mai jure 10 ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Mafi haɗari duka ita ce na'urar da ba ta da kwakwalwar da ke yanke wuta, domin ita babu abin da ke tsakanin batir da fuskar mai sha.

Kamfanonin da aka sani da ƙera na gaskiya kaɗan ne, irin su Samsung da LG da Panasonic da Molicel da Murata, wanda ya sayi sashen batura na Sony a 2017. Amma lalle mu faɗi cewa ana buga sunayensu a jikin jabu, kuma yawancinsu ba su yi waɗannan batura don a sayar ɗai-ɗai ba. Hukumar kare masu saye ta Amurka ma ta yi gargaɗi a Janairu na 2021 cewa a guji amfani da su a warwatse. Watau ko na gaskiyar ma rage haɗari yake yi kawai.

Bayan saye, sai kula. Duk jikin ƙarfen batirin ɓangare ɗaya ne na wuta, rigar robar nan ita kaɗai ke raba shi da ɗayan. In ta yage, ko batirin ya lotse, ko ya kumbura, an gama da shi. Kada a jefa shi aljihu tare da makullai, a sa shi cikin ɗan akwatin roba. Kada a haɗa sabo da tsoho a na'ura mai cin biyu. Kada a yi caji a kan katifa, ko a bar shi a jone a yi barci, a kuma nemi caja mai yanke wuta in ya cika. An yi waɗannan batura ne a yi musu caji a zafin da bai wuce digiri 45 ba, mu kuwa mun san a watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a inuwa, balle a cikin mota ko a bakin taga. Wanda ya lalace a rufe bakinsa da salatif, a ajiye shi cikin gwangwani mai yashi a waje, kada a jefa shi a bola, tun da mu ƙone bola muke yi.

Muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai da ta nemi hukumar jami'a ta tanadi wurin caji a kowane gini, mai daɓen siminti, da bokitin yashi da tukunyar kashe gobara mai aiki, da kuma akwatin tara matattun batura. Muna kira ga hukumar SON da hukumar kwastan su dubi baturan da ke shigowa da lambobin ƙarya, domin gane su bai buƙatar fiye da sikeli da ma'aunin caji. Yayyenmu da suka kama aikin gwamnati a waɗannan ofisoshi, wannan aikinku ne.

Mu kuma da muke ɗaki ɗaya, in ka ga abokin kwananka yana tura caja ƙarƙashin matashi, yi masa magana a daren nan, ko da zai ji haushinka. Takardun shaidarka da littattafanka da ranka duk suna cikin wannan ɗaki. Allah Ya tsare mu, amin.