Yaron da Aka Haifa Ba Kunne, Kada Mu Ce Kurma Ne

'Yan'uwa manoma, akan haifi yaro da kunne ɗan tsugul, ko fatar kunnen a naɗe, ko kuwa babu kafar kunne sam. A ƙauyukanmu na ƙasar Roni da Gwiwa, da an ga haka sai a rufe masa kai da hula, a ce kurma ne, a haƙura. Muna ganin wannan haƙuri bai kamata ba, kuma ƙungiyoyinmu suna da abin yi.

Kunne kashi uku ne: na waje, da na tsakiya, da na can ciki wanda ke binne cikin ƙashin kai. Na cikin nan shi ke miƙa sauti ga ƙwaƙwalwa. A yawancin irin yaran nan lafiyarsa lau, ƙofa ce kawai a toshe. Sauti kuwa yana iya bin ƙashi. Ku gwada: toshe kunnuwanka da yatsu, ka ciji ƙotar fartanya, wani ya ƙwanƙwasa ta. Za ka ji sarai.

Da wannan dabara aka ƙera na'urar ji ta ƙashi. Tana ɗaukar magana ta mai da ita girgiza, girgizar ta bi ƙashi har kunnen ciki. Iri uku ne. Akwai wadda ake ɗaura wa yaro da maɗauri mai taushi a kai, ba tiyata, ko jariri yana iya sa ta. Akwai ADHEAR, wadda ake mannawa bayan kunne. Akwai kuma wadda ake kafa wa ƙusa cikin ƙashi, kamar Baha da Ponto. Likita Anders Tjellström ya fara wannan aiki a Gothenburg ta ƙasar Suwidin a 1977. Ba a kan yi wa yaro ita ba sai ya kai kamar shekara 5, gama kafin nan ƙashinsa bai yi kauri ba.

Wani zai ce, to a jira ya girma mana. A'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cikin shekara 3 na fari yaro ke ɗaukar harshe, kuma abin da bai ji ba ba zai faɗa ba. Idan kunnuwa biyu ne a toshe, lalle a hanzarta. Idan ɗaya ne, wanda shi ya fi yawa, yaro yakan koyi magana da mai lafiyar. Sai a kiyaye shi daga ciwon mugunya, a kuma roƙi malam ya zaunar da shi gaban aji. Ko kusa kada a bar wanzami ya huda wurin, gama jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi.

Wani kuma zai ce na'urar ta fi ƙarfin talaka. Gaskiya ne tana da tsada, daga waje ake kawo ta, tana kuma cin batir. Amma matakin fari ba sayen na'ura ba ne, awon ji ne. A fara da asibitin Kazaure, a nemi takardar zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Sau da yawa kuɗin mota da na kwana ne ke tsai da iyaye.

Nan ne aikinmu yake. Muna ba juna rancen taki da na shanun huɗa, me zai hana kowane memba ya zuba tiya ɗaya ta gero ko wake da kaka, a ajiye domin wannan? A zaɓi mutum guda mai karatu ya raka iyayen, ya riƙe takardun likita. Matan zumunta kuma su riƙa duba kunnen jariri ran suna, su ƙarfafa wa uwar zuciya, gama ba laifinta ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Muna roƙon shugabanni da magatakarda su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, tun ba a kai amfanin gona kasuwa ba.