Gary Lineker da BBC: Ina iyakar 'yancin mai sharhin wasanni?

A ranar 25 ga watan Mayun 2025 ne Gary Lineker ya gabatar da shirin Match of the Day a karo na ƙarshe, bayan shafe shekara 26 yana jagorantarsa a gidan talabijin na BBC. Rabuwar ba ta zo cikin lalama ba, kuma ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara a Birtaniya: shin wanda ake biya da kuɗin jama'a yana da damar faɗin albarkacin bakinsa kan siyasa?

Lineker ya shiga aikin talabijin da suna mai tsabta. Ya buga wa Leicester da Everton da Barcelona da Tottenham, ya ci wa Ingila ƙwallo 48 a wasa 80, ya kuma fi kowa zura ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1986 a Meziko da ƙwallo shida. Har ya yi ritaya ba a taɓa ɗaga masa katin gargaɗi ba. Wannan mutunci ya taimaka masa ya gaji Des Lynam a 1999, daga baya ya zama ma'aikacin da BBC ta fi biya, da kusan fam miliyan 1.35 a shekara.

Rikicin ya fito fili a watan Maris na 2023, lokacin da ya kwatanta kalaman gwamnati kan masu neman mafaka da na Jamus a shekarun 1930. BBC ta dakatar da shi, amma Ian Wright da Alan Shearer suka ƙi fitowa, aka watsa shirin na minti 20 babu sharhi. Cikin 'yan kwanaki aka mayar da shi bakin aiki. Ranar nan aka gane cewa ƙarfin tauraro na iya rinjayar hukumar da ta ɗauke shi aiki.

A 2025 lamarin ya sha bamban. Ya yaɗa wani saƙo kan aƙidar yahudanci ta siyasa a Instagram mai ɗauke da zanen ɓera, alamar da aka daɗe ana amfani da ita wajen cin zarafin Yahudawa. Ya nemi afuwa, ya ce bai lura da zanen ba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe; ya rasa damar gabatar da gasar cin kofin duniya ta 2026.

Hujjar BBC tana da tushe, domin kuɗin lasisin da take rayuwa da shi na fitowa ne daga masu ra'ayi mabambanta. Sai dai dokar rashin ɓangaranci an gina ta ne a zamanin da gidan talabijin ke riƙe da makirufo shi kaɗai. Yau Lineker yana da hannun jari a kamfanin Goalhanger, mai shirya The Rest Is Football da The Rest Is History, wato masu sauraro na biyo shi kai tsaye. BBC ta raba kujerarsa tsakanin Kelly Cates da Mark Chapman da Gabby Logan, matakin da ke nuna ba ta son sake dogaro da mutum guda.