Dambe: Labarin da 'yan fim ɗin Kaduna ke wucewa a hanya

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san gidan da ake ɗaukar su: ƙaton falo, kujeru na alfarma, mota a bakin get. Idan a Kaduna ne, to furodusa zai aro gida a Malali ko Unguwar Rimi. Amma a hanyar zuwa lokeshin ɗin, 'yan fim kan wuce labarin da ya fi wanda ke hannunsu.

A leƙa Zangon Tudun Wada da asuba, ko tashar Kawo, ko Kasuwar Bacci, a ga majiya ƙarfi suna fawa, suna dako, suna tura baro. Irin waɗannan samari ne kan ɗaure hannu da yamma su shiga fili. Dama can dambe wasan mahauta ne. Turmi uku ake yi, kuma da zarar mutum ya kai ƙasa an "kashe" shi kenan. Ga kalangu, ga kirari, ga hamayyar Arewa da Kudu da Guramada. To, me darakta ke nema kuma?

Turawa sun daɗe da gano wannan. A 1909 wani mai zane ɗan Amurka, George Bellows, ya zana 'yan dambe biyu suna gwabzawa a kulob ɗin Sharkey da ke birnin New York. Bai yi wa kowa kwalliya ba, hatta fuskokin 'yan kallo a murtuke ya bar su. Yau zanen na gidan tarihi a Cleveland. Haka fim ɗin Rocky na 1976: ɗan damben talaka ne mai ɗakin haya, har a ma'ajiyar nama yake atisaye, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar.

Mu ma ba baya ba ne. Marigayi Ɗan Anace bai taɓa riƙe kyamara ba, amma da baki kawai ya sa Shago ya zama jarumin da har gobe ake labarinsa. A industiri kuwa, Karen Bana na Adam A. Zango ya nuna cewa 'yan kallo za su zauna wa fim ɗin dambe.

Abin da ya rage shi ne a bi ɗan damben har gida. Nawa ya samu a wasan? Wa ya biya mai ɗori da hannu ya karye? Me uwarsa ke cewa in ya ɗauki zarensa zai fita? Ina ya ƙare da ƙarfi ya tafi? Nan fim ɗin yake.

Wasu furodusoshi za su ce ai talauci ba ya sayuwa a kasuwa. To, amma su waye 'yan kallon? Mai dako ne da mai nama da mai shayi, waɗanda jiya suka sayi kaset, yau suke sayen data. Sun daɗe suna kallon falon Alhaji. Ya kamata a ba su nasu ɗakin su gani.