Fiffike a Bayan Mota, Babu Ƙarfe a Gabanta

Makon nan mota za mu taɓa, kuma mun san za a ji haushinmu, don ko a cikinmu akwai waɗanda tasu ke wajen fanel-bita yanzu haka.

Wanda aka goge wa madigadi ko bambarsa ta fashe ya je ya sauya, ba da shi muke ba, wannan gyara ne. Muna magana ne kan masu ɗaukar mota lafiyayya su kai a kwance mata gaba da baya, a ɗaura mata jikin motar tsere, su fito suna kiranta da sunan da ba nata ba. Dillalai na ce wa abin "ofgired".

Ku ɗauki Mercedes C300 ƙirar 2008 zuwa 2014, wadda samarinmu suka fi yi wa haka. A sa mata bamba mai wangamemen baki, bonet mai tudu biyu, salansa mai baki huɗu, a manna tambarin AMG a but, shi ke nan wai ta zama C63. To C63 ta gaskiya injinta silinda 8 ne mai lita 6.2, birkinta manya ne, ƙafafunta ma an ƙera su don su ɗauki wannan ƙarfin. C300 silinda 6 gare ta, kuma tambari bai taɓa ƙara wa inji silinda ba. Bakunan salansar nan ma sau da yawa ado ne kawai, leƙa ƙasa ka gani.

Fiffiken da ake kafawa a baya kuwa yana da aiki, amma a inda aka auna shi. Lokacin da Audi TT ta fito a 1998 babu fiffike a bayanta. Aka riƙa samun haɗurra a gudun da ya haura kilomita 180 a awa, saboda iska na ɗaga bayan motar. Daga ƙarshen 1999 kamfanin ya janye motocin, ya gyara ƙafafunsu, ya ƙara musu ɗan ƙaramin fiffike don iska ta danne bayan. Injiniyoyi ne suka auna girmansa da kwanarsa. Mu kuma a nan dokar hanya ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a awa ko a babban titi, kuma ramuka ba sa barin ka kai nan ɗin ma. Abin da fiffikenmu ke yi shi ne huda but, ruwan damina ya samu ƙofa, tsatsa ta biyo baya.

Da a nan abin ya tsaya, da mun yi dariya mun wuce. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne gaban motar. Bambar da ido ke gani marfi ce ta roba mai lanƙwasa. A bayanta akwai soso mai tauri da wani ƙarfe da ya gitta, su ne ke fara shanye duka idan an yi karo, kuma a yawancin motoci a nan gaba ake ɗaura na'urar da ke sanar da jakar iska lokacin fashewa. Bambar kwaikwayo ba kasafai take zama daidai ba. Da ta ƙi shiga, sai a cire soson, a yanke ƙarfen ko a jingine shi a bango, a ɗaure wayoyi da tsumma, a fesa fenti. Mai mota ya zo ya ga sheƙi ya biya yana murmushi. Wanda zai zauna a kujerar gaba ranar ɗaurin aure, ana wasan mota, bai san an cire komai ba.

Za ku ce kuɗinsa ne, motarsa ce. Haka ne, har ranar da zai sayar. Za ku kuma ce sana'ar mutane ce. Mun yarda, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai gyaran jiki yana fitar da lotsa da guduma ya san akwai gwanaye a ƙasar nan. Gwanin da ya iya wannan ya iya cewa maigida wannan ƙarfen ba zan cire shi ba. Kaɗan ne ke faɗa.

Ranar sayarwar ce ke mayar da ado algus. Yadda ake yi wa ƙananan motoci haka ake yi wa Land Cruiser da Lexus LX570 na 2008, a ɗaura musu fuskar 2016. Wani abokin karatunmu ya haɗa kuɗin gadonsa ya sayi mota 'yar Kwatano a hannun wani dillali da ya rantse masa ƙirar 2013 ce. Fitilu na 2013, bamba ta 2013. Sai da aka zo sayen kayan gyara suka ƙi shiga, bakanike ya duba lambar shasi.

Wannan lambar tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka na goma shi ke faɗin shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, haka ake tafiya har G ta 2016. Ku ƙirga da yatsa kafin ku ƙirga kuɗi, ku kuma sa a haska bayan bamba da tocila a nuna muku ƙarfen. Abokin namu D ya kamata ya gani a gurbi na goma, 9 ya gani, dillalin kuma har yau wayarsa a kashe take.